Farin Mai Tsakanin Ƙarfe da Ƙarfe

Mu yaran Tibiri da muka taso a ƙarshen shekarun 1980 ba mu san kwamfuta ba, ko a hoto. Amma mun san na'urar da ke ɗaukar zafi har ta mutu, mun kuma san mai yi mata magani. Kawuna ne, ƙanen mahaifiyata. Rumfarsa ta zana tana bakin kasuwa, teburinsa cike da rediyoyi da rakodoji da aka cire wa marfin baya, ga ƙarfen narka dalma da yake cusawa cikin garwashi, tun da rumfar ba ta da wutar lantarki. Rediyo aka fi kawo masa, don magidanci a Arewa ba ya son rana ta faɗi bai ji Muryar Sahel ko BBC ba. Amma abin da ya kai sunansa ƙauyukan Dallol Mawri, har Dumega da Gesheme, shi ne amfilifaya: ta masallacin Juma'a, ta masu wa'azi, ta 'yan biki. Da batirin mota ake kunna su, a ajiye su cikin rana ko cikin ɗaki marar taga, su yi ta aiki har bayansu ya ƙi taɓuwa.

A bayan kowace akwai farantin alminiyom mai haƙora, a jikinsa an ɗaure manyan taranzisto da kusoshi, tsakaninsu da farantin kuma akwai siririn ɓawon mika da ke hana wuta ratsawa. Idan taranzisto ya ƙone Kawu ya sauya shi, sai ya jawo wani ɗan gwangwani daga ƙarƙashin tebur. Farin mai ne a ciki, mai kauri, ba shi da wari. Da tsinken ashana yake lakato shi, ya shimfiɗa a fuska biyu ta ɓawon har sai ka kusa hango ƙarfen ta cikinsa, sannan ya ɗaure kusoshin kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan. Man yakan ɗan ɓullo ta gefe. Sai ya naɗa tsumma a ɗan yatsa ya bi gefen nan ya share tas, ya juya tsumman ya sake bi. Aikina a lokacin shi ne riƙe tocila da yayyaga tsofaffin zannuwan Inna ƙanana-ƙanana.

Wata rana na tambaye shi abin da ya sa yake goge abin da ya sayo da kuɗinsa tun daga Birnin Kebbi.

"Wanda ya shiga tsakani shi ka aiki, ɗana," in ji shi. "Wanga da ya hito waje, ƙura kaɗai shika kira. Kwalli na, ba lalle ba."

Da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, faran ɗin Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi, gwangwanin nan ya zama abin tattali. Duk da haka ban taɓa ganin ya kwashe wanda ya goge ya mayar ciki ba. A wurinsa, man da ya taɓa ƙura ya tashi daga aiki.

Na bar Tibiri zuwa Dogon Dutsi don karatu, daga can kuma, a 2004, na hau mota zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 270, aka damƙa ni hannun wani mai gyaran kwamfuta da ke da shago kusa da Babbar Kasuwa. Ɗan Maraɗi ne, ya koyi aikin a Kano da Legas. Lokacin shagunan intanet, da muke kira sibar, na ta tsirowa unguwa-unguwa, ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni na jiran layi don su buɗe akwatin Yahoo. Kwamfutocin kusan duk na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano: Dell, HP, Compaq, masu Pentium III da Pentium 4. An ƙera su don ɗakuna masu na'urar sanyi, sai ga su a Yamai cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40 a inuwa, fanka ɗaya a sama tana juya iska mai ɗumi a kan na'ura goma. Rabin aikin shagonmu faɗa da zafi ne.

Ranar da Maigida ya fara cire ƙarfen sanyaya daga kan farosesa a gabana ya ɗauko sirinji, na gane abin da ke ciki tun kafin ya buɗe baki. A shagon pat suke ce masa. Shi ne dai man gwangwanin Kawu, an sauya masa mazubi.

Maigida mutum ne mai son a san dalilin abu. Ya miƙo mini farosesar da ƙarfen ya ce in duba fuskokinsu. Ido na ganinsu sumul, amma ba sumul suke ba. Akwai ƙananan ramuka da tudu da ido ba ya kamawa, idan aka haɗa ƙarafan biyu sai su taɓa juna a 'yan wurare, sauran duk iska ce a tsakani. Iska kuwa ba ta iya miƙa zafi. A ma'aunin da masana ke auna wannan, jan ƙarfe na kusan 400, alminiyom ya haura 200, iska ko 0.03 ba ta kai ba. Man pat na arha, wanda aka kwaɓa man silikon da farin garin tutiya, da ƙyar yake kai 1. Masu kyau sukan ninka haka sau da dama. Ke nan man ya fi iska nesa ba kusa ba, amma ƙarfe ya fi shi sau gomomi, wani lokaci ɗaruruwa. Aikinsa ɗaya ne, ya kori iska daga ramukan nan. Duk kaurin da ya ƙaru bayan haka tazara ce aka ƙara wa zafi kafin ya kai ga ƙarfen da zai kwashe shi.

Wannan ne abin da ya fi wuyar shiga kan mutanenmu, kuma ban ga laifinsu ba. An raine mu a kan cewa hannu mai yalwa shi ne na kirki: mai awo ta ƙara gyara, uwar gida ta ƙara miya. Idan mutum ya sayar da buhunan wakensa ya sayi na'ura, ya ga an ɗiga mata ɗan abu daidai ƙwayar waken nan an ce ya isa, sai ya ji an yi masa rowa. An sha ce mini, "Ƙara mata, ni zan biya." Wasu masu gyaran kuma, don su faranta wa mai kaya ko don a ga sun yi aiki, sai su matse rabin sirinji a kai, su danna ƙarfe, man ya kwarara ta kowane gefe, su rufe marfi. Wanda zai buɗe bayansu shi ne zai sha wahala.

Shi ya sa Maigida ba ya barin sabon yaro ya shafa mai. Gogewa ake fara koya, kuma a kanta ake daɗewa. Har yau hannuna na bin tsarin da ya ɗora ni a kai ba tare da na yi tunani ba. Idan na'urar na tashi, a bar ta ta ɗan yi aiki tukuna don man ya yi laushi. A kashe, a zare waya daga bango, a danna maɓallin kunnawa don ragowar wuta ta fice, a dafa ƙarfen akwatin da tafin hannu, musamman lokacin hunturu da jikin mutum ke tara wutar da ke tartsatsi idan ya taɓa ƙofa. Ba a fizgar ƙarfen sanyaya sama. Murza shi ake yi hagu da dama a hankali har ya saki, don tsohon mai da ya bushe kan riƙe farosesa ya tumɓuko ta daga soket, alluranta su lanƙwashe. Sannan, abin da Maigida ya fi tsawatawa a kai, a bar farosesar a kulle cikin soket ɗinta har a gama goge ta. Ita ce murfin da ke kare abin da ke ƙasa.

Kayan aikin ba su da yawa. Tsohon katin waya na Celtel da aka riga aka kankare, shi muke sa wa gefe mu tattaro man daga baki zuwa tsakiya, ba daga tsakiya zuwa baki ba, don kada mu tura shi ƙasa. Ƙarfe ba ya taɓa fuskar farosesa, ko reza ko sukurdireba, saboda duk zanen da ka yi sabon rami ne. Bayan kati sai tsumman auduga da ya sha wanki har ya daina zubar da zare, a ɗiga masa alkol mai digiri 90 na kantin magani, a tsumma ake ɗigawa ba a kan allon da soket ke jikinsa ba, a goge sau ɗaya, a juya wuri mai tsabta, a sake. Gefunan farosesa da lungunan ƙarfen da ke danne ta, tsinken sakace ne da aka naɗa wa ɗan tsumma ke shiga. Akwai ƙananan kafasito a jere kusa da soket, ba su kai ƙwayar gero ba. Idan mai ya hau kansu ba a kankarewa, jiƙa shi ake yi da alkol a ɗauke da buroshi mai laushi, don ɗaya daga cikinsu na ɓallewa allo ya tafi. A ƙarshe a goge gindin ƙarfen sanyaya har tsumma ya daina canza launi, a bar komai ya bushe, kada yatsa ya sake taɓa wurin.

Na ga waɗanda ke wanke wurin da fetur, na ga mai fesa turare don ya ji an ce akwai alkol a ciki. Fetur na cin roba, turare na barin maiƙo. Na kuma buɗe na'urorin da ƙamshin man goge baki ya tarbe ni, an shafa shi a madadin pat. Yakan yi kamar yana aiki kwana kaɗan, ruwan cikinsa ya ƙafe, ya koma alli. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ba na raina masu yin haka, don yawancinsu ba wanda ya zaunar da su ya nuna musu, kuma a wancan lokacin sirinji ɗaya na mai kyau sai an yi saƙo Legas ko Kwatano. Amma mai kaya ne ke biyan kuɗin rashin sanin, sau biyu.

A shekarar da na isa Yamai ne kamfanin Intel ya fitar da Pentium 4 mai suna Prescott, wanda wasu nau'o'insa ke fitar da zafin da ya haura wat 100 daga fili da bai kai santimita 4 kowane gefe ba. A shekarar ne kuma ya sauya fasalin soket ya kawo LGA 775. A da allurai na jikin farosesa, suna shiga ramukan allo. Yanzu allurai 775 sun koma cikin soket ɗin, sirara, a karkace, kowace na jiran ta taɓa ɗigon zinare a gindin farosesa. Irin waɗannan na'urori ba su yawaita a hannunmu ba sai bayan wasu shekaru, da suka zama na hannu, amma da suka zo sai gogewa ta zama aikin da ake yi da riƙe numfashi. A da idan allura ta lanƙwashe, farosesa ce ta samu matsala, ka miƙar da ita da bakin fensir mai cin gawayi 0.5. Yanzu allo ne gaba ɗaya, kuma allo shi ne rabin kuɗin na'ura. Ɗigon mai ɗaya ya faɗa ciki, mutum ya bi shi da auduga, zaren ya kama allura biyar ya kwantar da su: garin neman gira an rasa ido. Waɗanda suka mutu haka mukan cire musu ƙarfen sanyaya mu tara a kwali, in ya cika a kai kasuwar Katako wurin masu narka alminiyom su yi tukwane.

A 2011 aka ƙara yawan gundumomin Nijar, aka cire Tibiri daga Dogon Dutsi ta zama gunduma mai cin gashin kanta, da ƙananan hukumomi huɗu: Tibiri, Dumega, Gesheme da Kore Mairuwa. Ofisoshi suka buɗe, kwamfutoci suka biyo su, ƙungiyoyin manoma da na mata suka fara buƙatar takardu bugaggu. Duk na'urar da ta yi tari sai an ɗaura ta a babur zuwa titin kwalta, daga nan mota zuwa Dutsi ko Doso, wani lokaci har Yamai. Shekara ta zagayo na tattaro kayana na dawo gida.

Abin da na tarar ya bambanta da Yamai ta hanya ɗaya mai muhimmanci. A Yamai idan na'ura ɗaya ta kwanta a sibar, akwai tara na aiki. A Tibiri sau da yawa ita kaɗai ce. Akwai wani tsohon malaminmu na firamare, da muke kira Mushe, da ya yi ritaya ya buɗe ɗan shagon buga takardu. Da kwamfuta ɗaya yake buga wa jama'a takardar neman aiki, katin ɗaurin aure, jerin sunayen 'yan ƙungiya masu neman bashin taki, tambayoyin jarrabawar gwaji na makarantun ƙauye. Cikin watan Mayu, zafi na tsakiyar ganiyarsa, ya iso shagona a bayan kabu-kabu, ya rungume ta a naɗe cikin zane.

"Ɗana, duba min wagga. Minti kaɗan taka yi ta ɗauke. An kai ta gyara wani wuri kwanan baya, an ce an sa mata magani mai yawa, amma abin sai gaba shikai."

"Sannu da hanya, Mushe. Ku zauna, a kawo muku ruwa."

Da na buɗe, fankar na nan da ranta, amma haƙoran ƙarfen sun toshe da ƙura da ta dunƙule ta zama bargo. Ƙafafun roba huɗu ne ke riƙe irin wannan ƙarfe a jikin allo. Uku sun shiga, ta huɗu tana lilo, ke nan ƙarfen a karkace yake zaune. Da na murza na ɗaga shi, sai ga maganin mai yawa. Man ya malala ta gefe huɗu, ya sauka kan ƙarfen da ke danne farosesa, ya hau jerin ƙananan kafasito. Ba fari ba ne kuma. Ya sha ƙurar hunturu da ta bazara ya koma jan laka, samansa ya yi ɓawo, ƙasansa na danƙo, har da fiffiken ƙwaro a manne. A saman farosesar, gefen da ƙafar ba ta shiga ba, man ya yi kauri ya tsattsage. Na goge abin da ke sama gaba ɗaya kafin na saki sandar soket. Da na ɗaga farosesar na haska, sai na ga abin da nake gudu: a kusurwa ɗaya mai ya riga ya gangara ya zauna a kan allurai kamar goma.

Nan ba wurin tsumma ba ne. Na cire allon daga akwati na jingina shi a karkace, kusurwar da ta ɓaci tana ƙasa. Na zuƙo alkol a sirinji mai tsabta na riƙa ɗigawa daga sama, ɗigo-ɗigo, yana narkar da man yana gangarowa da shi waje, ina hura iska da 'yar robar hura ƙura, in duba da gilashin ƙara girma, in sake ɗigawa. Inda ya ƙi fita na taɓa shi da bakin buroshin zane mai gashi kaɗan, ina bin inda alluran suka kwanta, ba na saɓa musu. Mushe na zaune a benci, carbi a hannu, bai ce uffan ba har aka kira la'asar. Muka rufe allon da kwando don ƙura, muka tafi masallaci, muka dawo ya bushe.

Na ɗiga sabon mai a tsakiya, na ɗora ƙarfen da na riga na wanke haƙoransa, na danna ƙafafun biyu-biyu a gicciye har kowace ta yi ƙara, na juya allon na tabbatar duk huɗun sun ɓullo ta baya. Ɗan abin da ya leƙo ta gefe na share. Mushe ya miƙa wuya.

"Shi ke nan abin da za ka sa mata?"

"Shi ke nan, Mushe. Ku dubi nan." Na kunna na shiga BIOS na nuna masa lambar zafi. Da ya kawo ta tana haura digiri 80 kafin ta ɗauke. Yanzu ta tsaya ƙasa da 60, a ɗakin da mu kanmu gumi ke karyo mana. Ya daɗe yana kallon lambar, yana jiran ta motsa.

Ban ɓoye masa ba, kuma ba zan ɓoye wa mai karatu ba: yawancin sauƙin nan daga wanke ƙura da zaunar da ƙarfen daidai ya zo. Yawan man shi kaɗai ba shi ne ya kusa kashe na'urar ba. Samarin da ke kallon bidiyon masu gwaji a YouTube sukan zo su ce mini an auna an gani, idan ƙarfe ya danne da kyau rarar man fita take yi ta gefe, bambancin zafin ɗan kaɗan ne, ƙarancin mai ma ya fi yawansa illa, kuma farin pat ba ya ɗaukar wutar lantarki. Duk gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Amma masu gwajin nan a ɗakunan da ake tace iska suke, kuma bayan mako guda sun cire na'urar sun sa wata. Ba su bar ta ta yi hunturu uku a shagon da ƙofarsa ke kallon hanyar shanu ba. A nan rarar da ta fita gefe tarkon ƙura ce. Ƙura ta taru, damina ta zo da raɓa, abin da ba ya ɗaukar wuta yana bushe ya fara ɗauka yana jiƙe, a daidai wurin da ƙafafun kayan allo suka fi kusa da juna. Akwai kuma man da aka haɗa da garin azurfa, wanda masu yin sa da kansu ke gargaɗin kada a bar shi ya taɓa ƙafafun nan. Sannan duk man da aka bari a gefen farosesa yana jiran ranar da wani zai ɗaga ta ne ya faɗa soket. Mai gyaran da ya bar shi ba ya nan ranar. Wani ne zai zauna da sirinji har la'asar, ko kuma wani dattijo ya rasa abin da yake ci da shi.

Shi ya sa nake ganin wannan ɗan aiki, da ba ya ɗaukar minti goma idan an yi shi a kan kari, yana cikin haƙƙin mai kaya. Ba ya ganin wurin. Da zarar an rufe marfi ba zai taɓa sanin an share ko ba a share ba, kuma ba a rubuta shi a takardar kuɗi. Na'urorin da ke zuwa mana sun riga sun ci rabin rayuwarsu a wata ƙasa, ragowar rabin kuma a hannunmu take, a gari da sabon allo ke nufin jiran mota daga Yamai ko Sakkwato da kuɗin da mutum bai tanada ba.

Abubuwa sun sauya tun daga lokacin. Manyan akwatuna sun ja baya, kwamfutar hannu ta karɓi wuri, musamman bayan watan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba a mayar ba sai a watan Maris na 2024. A watannin nan duk wanda ya samu hali faifan hasken rana ya nema da na'ura mai batir. A kwamfutar hannu farosesa ba ta da murfin ƙarfe, ƙwayar ce tsirara mai sheƙi, kafasito kewaye da ita, ƙarfen sanyaya kuma siririn bututun jan ƙarfe ne da ke lanƙwashewa idan an matsa masa. Gogewa a nan ta fi ta da son sanyin hannu. A 2022 AMD ta fitar da soket AM5, murfin farosesarsa na da tsaga-tsaga a gefe inda rarar mai ke shigewa ta maƙale, har aka fara sayar da 'yan robobin da ke tare wurin. Akwai kuma wanda ba mai ba ne ma, narkakken ƙarfe ne mai sinadarin galiyom, irin wanda Sony ta sa cikin PlayStation 5 a 2020. Shi yana ɗaukar wuta sosai, yana kuma cin alminiyom. Ɗigonsa ɗaya a gefe ba maganar ƙura ba ce, allo ne zai iya ƙonewa nan take. Nakan gaya wa yarana idan suka buɗe na'ura suka ga abu na ƙyalli yana motsi, su ɗauke hannu su kira ni.

Yara uku ke koyon aiki a wurina yanzu. Kowanne da matattun alluna ya fara: in matse musu mai da gangan a kai, in yayyafa ƙasa, in ba su kati da tsumma da tsinke, in dawo in haska da tocila. Ɗayansu yarinya ce daga Kore Mairuwa, mahaifinta ya kawo ta bayan ta gama kwaleji. Ta fi mazan haƙuri, hannunta ba ya rawa, kuma tun da idona ya fara neman tabarau, duk allon da mai ya shiga soket ɗinsa ita nake miƙa wa sirinjin alkol. Bana ta fara karɓar aiki da kanta daga makarantun garinsu, ranar da ba ta zo shago ba.